An buɗe gari tuntuni, me ya sa gidanmu bai farfaɗo ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Samaru, Zariya. Kafin kullen korona ina dafa wa ɗalibai abinci, maigidana kuma yana acaɓa. Shekaru sun wuce amma har yau ba mu koma yadda muke ba. Me ya jawo haka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da ya same ku shi ne cin jari, kuma ba ku kaɗai ba ne.

A ƙarshen Maris 2020 gwamnatin Kaduna ta sa dokar hana fita dare da rana, aka rufe kasuwanni, aka tsayar da acaɓa da Keke Napep, sai a watan Yuni aka sassauta sosai. Mai albashi ya takura, amma galibi wata na ƙarewa ana biyansa. Gidan da sai an fita ake ɗora tukunya kuwa, cikin 'yan kwanaki kuɗin sarin shinkafa da manja suka koma cefane. Ga azumi ya shigo ana kulle. Daga jari aka gangaro kan akuya, keken ɗinki, har kayan ɗaki, aka sayar a wulaƙance domin masu sayarwa sun fi masu saye yawa. Adashi ya watse, kowa na son kwasa, babu mai zubi. Mai shago ya gaji da rubuta bashi, ya rufe littafi.

Ku 'yan Samaru naku kullen ya fi na kowa tsawo. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki daga Maris zuwa Disamba 2020, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ba su dawo ba sai farkon 2021. Mai abinci, mai wanki, mai ɗakin haya, duk a jikin ɗalibi suke ci.

Da suka dawo kuma kasuwa ta riga ta sauya. An rufe iyakokin ƙasa tun Agusta 2019, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020, kuma a wannan watan alƙaluman Hukumar Ƙididdiga sun nuna farashin abinci ya haura da kusan kashi 20 cikin 100 a shekara guda. Cire tallafin fetur a Mayu 2023 ya ƙarasa ribar maigida. A 2020 Babban Banki ya ware rancen tallafin korona na naira biliyan 50 ta bankin NIRSAL, sai dai a lokacin ta intanet ake nema, ga maganar lambar banki ta BVN. A ganina ba da irinku aka yi lissafi ba.

Ki raba kuɗin sana'a da na cefane, ko da a gwangwani biyu ne. Ki fara da kwano biyu na shinkafa da wake, kada ki ci bashi mai ruwa don ki koma babbar tukunya lokaci ɗaya. Ki shiga adashin mako na mutum biyar ko shida da kika sani, ki kuma nemi masu saye a cikin ma'aikata da 'yan kasuwar Samaru, domin jami'a na iya sake rufewa.