Kakan kakata ɗan ƙodago ne a Ingila, ta ina zan fara neman asalinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kakata ta wajen uba Baturiya ce 'yar Ingila. Kakanmu ya auro ta lokacin da ya je karatu can, suka dawo Zariya, a nan ta zauna har ta rasu. Abin da ta bar mana takardar haihuwarta ce, sai labarin da take ba mu cewa kakanta aikin gona yake yi wa mutane a wani ƙauye na lardin Dorset, kuma wai danginsu sun taɓa riƙe masaukin ƙauyen. Ina so in haɗa wa 'ya'yana wannan salsala. Ta ina zan fara, ga ni zaune a Samaru?
Daga wata mai karatu, Samaru

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Bakin zaren yana hannunki, wato takardar haihuwar nan. Duba ki gani ko cikakkiya ce, domin iri biyu suke bayarwa. Gajerar ba ta ɗauke da sunan iyaye, cikakkiyar kuwa tana da sunan uba da sana'arsa, da sunan uwa har da wanda take amsawa kafin aure. In gajera ce a wajenki, ana sayen cikakkiyar ta intanet daga babban ofishin rajista na Ingila, wanda ake taƙaita sunansa da GRO.

Daga nan baya za ki riƙa yi, tsara ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake. Takardar haihuwa ta kai ki ga auren iyaye, takardar aure ta ba ki sunan mahaifin ango da na amarya da sana'arsu, wannan kuma ya kai ki ga wata haihuwar. Gwamnatinsu ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ranar 1 ga Yuli 1837, kuma ana duba fihirisar kyauta a shafin intanet na FreeBMD. Ki lura fihirisar wata uku-uku take tafiya, kuma lokacin da aka yi rajista take nunawa, don haka jaririn ƙarshen Disamba yana iya fitowa a rubu'in farko na sabuwar shekara. Kafin 1875 ba a ɗora wa iyaye alhakin kai rahoton haihuwa ba, shi ya sa wasu yaran ƙauye ba su shiga ba sam.

Sai ƙidaya, wadda ita ce za ta nuna miki gidan da mutanen cikinsa. Duk shekara goma ake yin ta, kuma daga 1841 aka fara ajiye sunayen kowa. Ta 1841 tana da tarko: duk wanda ya wuce shekara 15 an rage masa shekaru zuwa biyar-biyar, mai 29 sai ki ga an rubuta 25. Daga ta 1851 ne ake samun dangantakar kowa da maigida da garin da aka haife shi. A gurbin sana'a za ki yi ta cin karo da “Ag Lab”, taƙaitawa ce ta leburan gona, kuma a 1851 masu wannan aiki sun haura miliyan ɗaya. Wadda aka buɗe ta ƙarshe ita ce ta 1921. Ta 1931 gobara ta cinye ta a 1942, a 1941 kuma yaƙi ya hana a yi, sai rajistar da aka ɗauka a Satumba 1939 ta cike giɓin. A cikinta za ki ga an rufe wasu layuka da baƙi, na waɗanda ba su kai shekara ɗari da haihuwa ba ne kuma ba a tabbatar da rasuwarsu ba. Mai yiwuwa kakarki tana ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu.

Kuskuren da ya fi lalata irin wannan aiki shi ne ɗaukar mai suna a matsayin mai jini. A ƙauye guda sai a sami 'yan maza zar uku masu suna ɗaya, shekaru kusan ɗaya, duk leburorin gona, saboda kowa sunan kaka ya ci. Kada ki rubuta kowa a salsala sai takardu biyu mabambanta sun yi ittifaƙi a kansa. Salsalar da mutane ke ɗorawa a shafin intanet na Ancestry da makamantansa kuwa, ki ɗauke ta a matsayin ji-ta-ji-ta har sai kin ga takardar da idonki.

Maganar masauki ita ce mai daɗin, kuma a nan labarin gida ya fi yin ƙari. A wancan zamani wuraren nan hawa-hawa ne. Masauki na sosai yana bakin babbar hanya, da ɗakunan kwana da abinci da bargar dawaki inda keken doki ke sauya dawakai, kusan aikin da fatoma yake yi wa fatake a zango. Riƙe irin wannan sai mai jari, kuma da jirgin ƙasa ya bazu a shekarun 1840 da yawansu suka durƙushe. A ƙasa da shi akwai ƙaramin gidan giya na ƙauye. Dokar 1830 ta ba duk maigidan da ke biyan harajin gida damar sayen lasisi a kan fam biyu da sule biyu a shekara, ya sayar da giya a ɗakin gaban gidansa ba tare da ya je gaban majistare ba. Dubban mutane suka ruga. In dai kakan naki lebura ne, mun fi kyautata zaton wannan ne “masaukin” da ake faɗa: miji yana gona da rana, matar tana kula da masu shigowa. Kuma galibi haya suke, ginin na mai gonakin yankin ne ko na kamfanin giya.

Gara mu faɗa miki tun yanzu, giya ce ginshiƙin cinikin, kada abin ya zo miki ba zato. Amma ba shan giya kaɗai ake yi a wurin ba. Ƙauyen ba shi da wani zaure na jama'a ban da coci, don haka a nan ake gwanjon gona da dabbobi, a nan ƙungiyar taimakon juna take zama tana karɓar gudummawar jinya da jana'iza, a nan ma jami'in binciken mutuwar fuju'a yake zama da masu taya shi yanke hukunci. Wannan ya sa sunan mai wurin yake yawan fitowa a jaridun lardi, waɗanda ake bincikawa a shafin tsofaffin jaridu na British Newspaper Archive da kuɗi.

Don tabbatarwa, wuri uku za ki duba. A ƙidaya, ki ga ko an rubuta sunan wurin a gurbin adireshi. A littattafan jerin sunayen 'yan kasuwa irin na kamfanin Kelly, mai cikakken lasisi yana fitowa tare da sunan masaukinsa, mai ƙaramin lasisi kuwa sunansa kawai ake sawa da cewa yana sayar da giya, kuma wannan bambancin kaɗai ya isa ya raba gardama. Na uku rajistar lasisi. A 1869 aka mayar da ƙananan gidajen ƙarƙashin majistare, daga 1872 kuma aka wajabta ajiye rajista mai nuna mai lasisi da mai ginin. Tana ma'adanar tarihi ta lardi, ta Dorset tana garin Dorchester, kuma ana rubuta musu ta imel. In sunan mijin ya ɓace, nemi na matar, domin sau da yawa lasisi yana komawa hannun gwauruwar mamaci.

Tambaya: Malam, ni ma ina irin wannan bincike a kan dangin mahaifiyar matata. Na kai wajen 1830, sai mutumin ya ɓace, babu shi a littafin cocin ƙauyensu. Ƙarshen hanya ke nan?
Daga wani mai karatu, Tudun Wada

Amsa: Ba lalle ba ne, Malam. Leburan gona ba ya barin wasiyya ko takardar fili, amma yana faɗawa cikin littattafan wasu. A wancan zamani matasa marasa aure kan je kasuwar ɗaukar ma'aikata, a kudu wajen ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, a arewa cikin Nuwamba, su ɗauki aikin shekara guda a gonar wani, ci da kwana a gidansa. A haka suke sauya ƙauye, amma ba su cika yin nisa ba. Ka buɗe taswira, ka bi cocin ƙauyukan da ke kewaye ɗaya bayan ɗaya, littattafan da yawansu suna shafin intanet na FamilySearch kyauta. Littattafan da suka fara daga 1813 sun fi amfani, don akwai gurbin mazauni da sana'ar uba.

In wannan bai yi ba, nemi takardun tallafin matalauta. A lokacin, bisa dokar 1662, kowane talaka yana da gundumar da nauyinsa ke wuyanta. In ya nemi taimako a wani wuri, sai a kai shi gaban majistare ya rantse ya faɗi inda aka haife shi, gonakin da ya yi aiki da nawa aka biya shi, sannan a san inda za a mayar da shi. Aikin shekara cur a wuri ɗaya yana ba mutum haƙƙin zama, shi ya sa wasu manoman suke sallamar yaro bayan mako 51. Wanda ya dace da irin wannan takarda ya sami tarihin mutum daga bakinsa. Ka kuma gwada sunan da rubutu daban-daban, domin yawancinsu ba su iya rubutu ba, yadda limamin coci ya ji haka ya rubuta. Sannan ba kowa ke bin cocin gwamnati ba, wataƙila a cocin Methodist aka yi masa baftisma.

Tambaya: Ina karatun tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello. Nawa irin waɗannan leburori suke samu, har suke iya zuwa gidan giya?
Daga wani ɗalibi, Samaru

Amsa: Da kuɗin da iyayenmu suka sani kafin naira ta zo a 1973 ake lissafin, sule ashirin fam ɗaya. A kudancin Ingila, farkon shekarun 1830, lebura yana samun sule bakwai zuwa tara a mako, arewa mai masana'antu ta fi haka. Mafi yawa a burodi yake tafiya, ragowar kuɗin haya, sai abin da mata da yara suka samo lokacin girbi da kala ya toshe ɓaraka. Rage lada zuwa sule bakwai ne ya sa leburorin ƙauyen Tolpuddle, can Dorset ɗin, suka kafa ƙungiya, a 1834 aka yanke wa shida daga cikinsu kora zuwa Ostireliya na shekara bakwai. Kafin nan, a 1830, leburori sun farfasa injinan sussuka saboda sun ƙwace musu aikin hunturu. Ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya sai a 1872, ƙarƙashin Joseph Arch.

Game da giya, wani ɓangaren ladan ma da ita ake biya, musamman lokacin girbi, har dokar 1887 ta hana. Zuwa gidan giya kuwa, kofi ɗaya mutum yake saye ya yi hira a kansa dare guda, saboda can akwai wuta da fitila, bukkarsa kuma ga sanyi ga cunkoso. In za ka yi rubutu a kan lada, kada ka ɗauki adadi ɗaya ka shimfiɗa wa ƙasar duka. Faɗi lardi da shekara, ka kuma bayyana ko an haɗa da gidan da manomi ya ba shi, domin ranar da aiki ya ƙare ranar ake karɓe gidan.