Nawa Ne Kuɗin Kujerar Zuwa Sararin Samaniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran waya ne a Taminus, nan Jos. Musu ya kaure a majalisarmu kan masu biyan kuɗi su je sararin samaniya yawon buɗe ido. Wani ya ce duk mai kuɗin gida a Maitama zai iya zuwa, wani kuma ya rantse sai mai biliyoyin naira. Wa ke da gaskiya? Kuma akwai ɗan Najeriya da ya taɓa zuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka gaida 'yan majalisa, ka ce musu kowa da gaskiyarsa, domin tafiya biyu suke magana a kai, suna zaton ɗaya ce.

Ta farko leƙawa ce kawai. Kumbon New Shepard na kamfanin Blue Origin ya riƙa cilla mutum sama ya ɗan wuce kilomita 100, wato bai ma kai nisan Jos zuwa Bauchi ba, ya sauko da shi da lema. Daga tashi zuwa sauka minti 10 ne zuwa 11. A ciki za ka samu kamar minti uku da jikinka zai rasa nauyi, ka kwance bel, ka leƙa taga ka ga sama baƙa ƙirin da rana tsaka. Kamfanin ba ya bayyana farashi a fili, amma kujerar tafiyarsa ta farko a 2021 gwanjonta aka yi, ta tashi dala miliyan 28. Wani kamfanin mai irin wannan tafiya, Virgin Galactic na Richard Branson, shi ne mai faɗin farashi: ya fara da dala 200,000, ya koma 450,000 a 2021, daga baya ya kai 600,000. Idan muka ƙaddara dala a naira 1,500, naira miliyan 900 ke nan. Nan abokinka mai maganar Maitama yake tsaye.

Ta biyu ita ce tafiya ta gaske, inda ake zuwa a kwana. Ba'amurke Dennis Tito ne ya buɗe ƙofar a Afrilun 2001, ya biya Rasha kimanin dala miliyan 20 ta kai shi tashar ƙasa da ƙasa ta sararin samaniya, ya yi kusan kwana takwas. Shekara ta zagayo Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya bi sahu. A 2022 attajirai uku da kamfanin Axiom ya kai a kumbon SpaceX, an ruwaito kowannensu ya biya kusan dala miliyan 55. A lissafinmu na ɗazu ya haura naira biliyan 82.

Abin da nake so ka riƙe, wanda zai kashe musun, shi ne dalilin wannan rata. Mutane suna ɗauka nisa ake biya, alhali tashar kilomita 400 kacal take bisa kanmu. Gudu ake saye. Kafin abu ya zauna can yana kewaya duniya bai faɗo ba, sai ya yi gudun kusan kilomita 28,000 a awa. Mai leƙawa bai buƙatar ko kashi ɗaya cikin bakwai na wannan. Don a kai ga wancan gudun, kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin roka mai ne, mutum da kayansa ɗan abin da ya rage ne a ƙoli. Sannan dawowa ma aiki ce, domin gogayya da iska tana gasa jikin kumbon kamar ƙarfe a maƙera. Ga horo na watanni, ga iskar shaƙa da ruwa da abinci da duk sai an hau da su. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, da kanta ta ce a 2019 kwanan baƙo ɗaya a tashar kusan dala 35,000 ne, ban da kuɗin kai shi.

Batun ɗan Najeriya kuwa, lauya Owolabi Salis ya hau New Shepard a Yunin 2025, irin tafiyar minti goman nan. Ina yi masa murna. Amma in ka tambayi ra'ayina, aikin cibiyar nazarin hotunan tauraron ɗan'adam da ke nan Jos, ƙarƙashin hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, ya fi taɓa rayuwarmu, tun da da irin waɗannan hotuna ake gane inda zaizaya ke cin gona da inda ambaliya za ta bi.

Ni dai na taɓa ganin tashar da idona, wani maraice na hunturu a wajen Lamingo, ina ƙudundune cikin rigar sanyi bayan Magariba. Kamar tauraro mai haske take, ba ta ƙyaftawa irin fitilar jirgi, ta ratsa sama shiru cikin 'yan mintoci, ɗana yana jan hannuna yana tambaya ko da gaske akwai mutane a ciki. Tun da waya sana'arka ce, sauke manhajar Spot the Station ta NASA, ka sa Jos, za ta gaya maka ranar da za ta wuce da lokacin. Ka fito da 'yan majalisa bakin titi, ku zaɓi daren da ƙura ta lafa.