Ga mai son fara karɓar jingar gini a Jos

Malam, ka tambayi abin da ya fi ba ƙaramin ɗan kwangila wahala. A wurina, farashin kaya ne. Ka yi jinga da mai gida yau, kafin a kai linta siminti da rodi sun tashi, shi kuwa ya riƙe maganar farko. Don haka kada ka yanke kuɗin gini gaba ɗaya. Ku raba shi, fandisho daban, linta daban, rufi daban, a rubuce da shaidu.

Sai ƙasar Jos kanta. Wani filin da ka sa diga sai dutse, kuɗin fasa shi ya cinye ribarka. Wajen Bukuru kuma akwai tsofaffin ramukan kuza da aka cike, ka tona ka gani da idonka kafin ka faɗi farashi. Kada ka aza bulo ko ɗaya sai hukumar raya birnin Jos, wato JMDB, ta amince da zanen ginin.

Abin da ya fi damuna shi ne haƙƙin leburori. Yaron da ya yini ɗauke da kwanon kankare a ka, ko mai gida bai biya ba, ka sallame shi ranar. Allah ya sa albarka.