Filin Bakanike: Jif ɗina tana kakkarwa, an ce sai na canja birenbos

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da Lexus GX460 ƙirar 2014, kwana biyun nan in na tsaya a danja sai ta riƙa kakkarwa har sitiyari na rawa, in kuma zan hau tudun Kugbo na taka totur sai ta riƙa fizga, fitilar cek ɗin nan tana ƙiftawa. Bakanikena ya canja fulogi duka takwas bai hana ba, yanzu ya ce famfon mai ne ko kuma birenbos. Don Allah mene ne abin yi? Mai karatu daga Gwarinpa.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. To da farko dai a ajiye motar nan tukuna. Fitilar cek in ta kama ta tsaya cak wannan da sauƙi, amma in tana ƙiftawa to kwamfutar motar ce, wato birenbos, ke gaya maka akwai silindar da ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur na wucewa cikin salansa yana gasa indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, kuma kuɗin indomin GX kaɗai ya isa ya sa mutum zazzaɓi, balle ba guda ɗaya ba ce a jikinta.

Abin da ke damun motarka shi ne abin da makanikai ke cewa misin. Kowace silinda abu uku take so, wuta da mai haɗe da iska daidai gwargwado da kuma matsi, ɗaya ya ɓaci za ta daina aiki injin ya koma tafiya da bakwai. Tambayata ita ce, an sa mata sikana kuwa, wato na'urar da ke karanto lambar matsala daga kwamfutar mota, kafin a kwance fulogi? Don ban ga ka faɗa ba. Tun 1996 duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka tana da soket ɗin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari, kuma a wajen makanikan Apo da ke Abuja masu na'urar nan sun fi a ƙirga. In ta nuna P0300 misin ɗin yawo yake tsakanin silindoji, in kuwa P0301 ne zuwa P0308 to lambar ƙarshen ita ce silindar da ke da laifi, P0305 kenan ta biyar, wadda a injin naka tana ɓangaren direba inda 1, 3, 5, 7 suke.

In silinda ɗaya ce, gwajin ko sisi ba ya ci. Kowane fulogi da nasa koyil a kansa mai ba shi wuta, sai a cire koyil na biyar a musanya da na uku, a goge lambar, a ɗan zaga da motar a sake dubawa. Lamba ta koma P0303? Shi kenan koyil ne ya mutu, ka sayi guda ɗaya. In ta tsaya a biyar sai a musanya fulogi, in har yanzu tana nan sai a koma kan nozul mai fesa wa silindar fetur, in duk an wanke su sannan a auna matsin silindar don ganin ko bawul ne ko gasket. Yadda ka ce ta fi yi a kan tudu ni zuciyata ta fi karkata ga koyil, don koyil mai rauni yakan daure a fili amma da injin ya ɗau nauyi sai wutarsa ta kasa. Kuma lokacin da aka zaro koyil ɗin a leƙa ramin da tocila, in akwai baƙin mai kwance a ciki robar murfin bawul ce ke yoyo, ko sabo ka sa zai sake cinye shi.

Sai batun fulogin da aka sa maka, wannan ina da shakku. Na asali irin na iridiyom ne, kamfanin ya ce yana kaiwa mil 120,000, amma jabun Denso da NGK sun cika kasuwa, kwali fes ciki ba komai, wani ko wata uku ba ya yi. In tsofaffin suna nan kar ka bari a zubar, a gwada da su.

Famfon mai kuwa ba ya zaɓar silinda ɗaya ya hana ta mai, in shi ne za ka ga P0300 sau da yawa tare da P0171 ko P0174 masu nuna mai ya yi wa injin kaɗan, kuma akwai geji da ake auna ƙarfinsa kafin a sauke tanki. Haka iska in tana shiga ta tiyo da ya tsage, ko ƙurar hunturu ta ɓata sensar iska da ke bayan iyakilina, wato matatar iska. Gurɓataccen mai ma na yi, mutanen Abuja ba su manta da fetur mai methanol na Fabrairun 2022 ba, saboda haka ka tuna ko daga shan mai a wani sabon wuri abin ya fara. Birenbos kam shi ne na ƙarshe a layi, da wuya ƙwarai ya zama shi, duk wanda ya fara da shi ba tare da ya nuna maka lamba ba canke yake yi da aljihunka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, tawa Range Rover Sport ce, daga kai ta wanki aka wanke injin ta fara fizga. Mai karatu daga Wuse 2.

AMSA: Hajiya ruwa ne ya shige ramin fulogi ko soket ɗin koyil, wannan famfon ruwa mai ƙarfi na masu wanki ba na cikin bonet ba ne. A zare koyil ɗin a busar da iska, yawanci ta dawo daidai, in ba ta dawo ba a yi musanyar da na faɗa a sama. Gaba kuma ki ce su goge da tsumma kawai.