Filin Tambaya da Amsa: A wace unguwa zan kama gidan saukar baƙi?

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Na samu ɗan kuɗin gado ina so in kama gida a nan Kano in zuba kaya in riƙa ba baƙi haya ta kwana-kwana, shotlet ɗin nan da ake yayi. Dillali ya nuna min guda biyu, ɗaya fulat ne mai ɗaki biyu a Nasarawa GRA amma akwai tsada, ɗayan ɗaki huɗu ne da tsakar gida a Rijiyar Zaki, kusan rabin kuɗin wancan. Maigidana ya ce in ɗauki mai arha. Ke wanne kika gani?
Daga wata 'yar'uwa a Kano

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan wanda ya bari, ya sa wa dukiyar albarka. Ni dai kafin in ce wannan ko wancan, wa kike so ya kwana a gidan? Don gidajen nan biyu ba baƙo ɗaya suke kira ba.

Na GRA na ma'aikatan kamfanoni ne da na ƙungiyoyin agaji da suka shigo aikin kwana uku ko sati, da 'yan'uwanmu masu zuwa hutu daga Ingila ko Dubai da yaransu. Su kuɗi ba ya damunsu sosai, amma fa ba sa yafiya, wuta ta ɗauke minti goma esi ya tsaya ko intanet ya yi nauyi, kafin gari ya waye sun rubuta a Airbnb, manhajar da baƙi ke kama masauki, kowa ya gani. Suna son kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano, suna son maigadi a ƙofa. Toh ki zauna ki yi lissafi, bayan kin biya hayar GRA me zai rage miki na sola da inbata da katifu masu kyau da labule? In babu, kin kama gida ne a unguwar manya kina gasa da otal-otal hannu rabbana.

Na Rijiyar Zaki kuma gidan 'yan biki ne, kuma ni nan hankalina ya fi kwantawa. Ki duba yadda ake yi, dangin ango sun taso daga Katsina ko Kaduna mota uku, mata goma sha da yara da akwatuna, otal ɗaki-ɗaki ya yi musu tsada kuma ba za a bar su su ɗora tukunya ba, abin da suke nema falo babba da za a baje a yi kwalliya, kicin mai gas, banɗaki fiye da ɗaya, ruwa wanda ba ya yankewa, da wajen ajiye motoci a cikin get. Ga sabuwar jami'ar Bayero nan kan titin Gwarzo kusa da ke, lokacin yaye ɗalibai iyaye ma suna neman masauki. Sai dai kasuwar biki tana da lokaci, bayan Sallah ƙarama da babba da watan Disamba waya ba za ta huta ba, da azumi kuwa shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, don haka kar ki yi lissafin kwana talatin a wata. Kuma 'yan biki akwai ɓarna, lalle a zanin gado, man girki a kujera, ki karɓi kuɗin ajiya tun kafin ki miƙa makulli.

Fataken Kantin Kwari masu zuwa daga Nijar da Chadi kar ki sa su a lissafi, su Fagge suke so inda za su taka da ƙafa zuwa kasuwa.

Kafin ki biya ko sisi ki je unguwar da kanki da daddare, kar ki tsaya a maganar dillali. Ki tambayi mai shagon bakin layi awa nawa suke samun wuta, in layin Band A ne, wato rukunin da aka fi ba wuta, a Afrilun 2024 yunit ya haura naira 200, esi huɗu za su cinye kati kamar wasa. Ki tambaya ya layin yake a watan Agusta, mota tana shiga ko sai an tuɓe takalmi? Akwai burtsatse ko 'yan garuwa ake jira?

Sannan nan Kano ce, maƙwabta suna gani, Hisba ma tana aiki. Ki gaida mai unguwa ki faɗa masa abin da za ki yi, ki tsayar da doka cewa iyalai kawai kike sauka, kowa ya bar hoton katin shaidarsa. Mai gidan kuma ya rubuta a takardar haya cewa ya yarda ki riƙa saukar da baƙi, don wasu in sun ga motoci suna shiga suna fita sai su ninka miki haya shekara mai zuwa ko su ce ki tashi.