Ga 'yar'uwar da kirim karamel ɗinta ke fitowa da huji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga tambayar da wata 'yar'uwarmu ta ajiye tun shekaranjiya. Ta ce sau uku tana gwada kirim karamel a gida, wato kayan zaƙin nan na ƙwai da madara da ake gasawa a kan ƙonannen sukari sannan a kife, duk sau ukun yana fito mata da ƙananan huji kamar soso, ruwa na tsatsafowa ta gefe, ga ƙarnin ƙwai, sannan sukarin da ta ƙona ko dai ya yi ɗaci ko ya daskare a gindin kwano ya ƙi sauka. Ta ce a obin take gasawa, ta kuma tambaya ko laifin madarar gari ne. Na ga wasu sun ba ta shawarar ta zuba garin kastad don ya kama jikinsa. Wannan shawarar ce ta sa na ce bari in zauna in yi bayani sosai, don na daɗe ina yin abin nan, kuma duk matsalar da ta lissafa babu wadda ban gani a tukunyata ba.

'Yar'uwa, don Allah kada ki zuba garin kastad. Kastad ɗin da muka saba damawa da safe sitacin masara ne da kala da ƙamshi, babu ƙwai a cikinsa. Wani Bature ne mai haɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda jikin matarsa ba ya karɓar ƙwai. Shi kuwa kirim karamel, wanda mutanen Sifaniya da Meziko ke kira flan, ƙwai ne kaɗai ke kafar da shi. In kika sa sitaci zai kama, amma santsin nan da ke narkewa a harshe ya tafi, za ki ji shi da danƙo kamar kafaffen kamu. Madarar gari ma ba ta da laifi, da ita nake yi kusan kullum.

Laifin na wuta ne. Ni a wurin wata ƙanwar mahaifiyata na koya, wadda ta yi shekaru tana zaune a Sudan, inda ba a cika raba shi da shan ruwa a watan azumi ba. Ranar da na fara yi ni kaɗai a ɗakina, ina amarya, na ƙure wutar obin don in gama kafin a kira magariba, ga surukaina za su zo buɗa baki. Da na kife shi sai ga huji ko'ina, ruwa ya kwanta a faranti daban, ƙwai daban. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban ma fito da shi ba. Washegari na kai mata ta gani. Ta sa cokali ta gutsuri gefe, ta duba, ta ce mini: "Kin tafasa shi ne, ai shi ba a tafasa shi." Sai daga baya na fahimci me take nufi. Haɗin ƙwai da madara da sukari yana kafewa ne a zafin da bai wuce digiri 80 zuwa 85 ba. Da ya haura haka, ƙwan sai ya tsuke ya matse ruwan da ya riƙe, kamar yadda ake matse awara. Hujin da kike gani gurbin kumfar tafasa ne, ruwan gefen kuma shi ne wanda ƙwan ya matso. Ƙarnin ma yawanci daga nan yake, don ƙwai in ya sha wuta fiye da kima yana sakin wannan warin, irin wanda kike ji a dafaffen ƙwan da gwaiduwarsa ta yi kore-kore.

To ga yadda nake yi, na mutum biyar zuwa shida. Madara rabin lita, wato kofi biyu. In ta gari ce, cokalin cin abinci 8 zuwa 9 a shafe nake damawa a ruwan ɗumi har ya cika rabin litar, kuma na fi son mai cikakken maiƙo. In ta gwangwani ce irin Peak ta ruwa, sai ki surka ta da ruwa daidai yawanta. Ƙwai uku cikakku da ƙarin gwaiduwa biyu. Sukari cokali 6, kamar giram 80 kenan, kada ki wuce haka sosai don na saman ma zaƙi ne. Ɗan gishiri a bakin yatsa, da banila. Farin ƙwai ne ke ba shi ƙarfin tsayawa in an kife, gwaiduwa kuma ita ke kawo laushi da gardi, shi ya sa nake haɗa su haka. Wadda take ganin asara ne ta ware farin, ta sa ƙwai huɗu cikakku, zai yi, sai dai zai ɗan fi tauri. Da damina in ƙwan zabo ya wadata ina sa uku a madadin biyu na kaza, kuma launinsa ya fi kyau nesa ba kusa ba.

Sukarin ƙonawa za ki fara yi, kuma a nan ba a waya, ba a hira, ba a goyo. Ki kori yara daga kicin tukuna, da gaske nake. Narkakken sukari yana haura digiri 160, ya fi tafasasshen ruwa zafi sosai, kuma in ya zuba a fata mannewa yake yi. Har yau akwai tabonsa a bayan hannuna na hagu. Ki ajiye kwanon da za ki gasa a ciki kusa da ke, da tsumma mai kauri. Ki zuba sukari giram 120, rabin kofi da ɗan ɗori, a tukunya mai kaurin gindi wadda cikinta fari ne don ki riƙa ganin launin. Ki sa ruwa cokali 3 da ɗigon lemon tsami kaɗan, ki ɗora a matsakaiciyar wuta. Da zarar ya fara tafasa kada cokali ya sake shiga ciki. Juyawa ce ke sa shi ya koma tsaki-tsaki fari kamar yashi, lemon tsamin kuma don hana hakan ne. In kika ga gefe ɗaya ya riga yin ja, ki ɗaga tukunyar ki karkaɗa ta a hankali.

Zai daɗe yana kumfa fari har ki zaci ba zai sauya ba, sannan cikin ƙanƙanin lokaci ya bi launuka: ruwan ƙwai, ruwan zuma, sai launin shayi ba madara. Tsakanin launin shayi da baƙi bai fi ƙiftawar ido kaɗan ba. Ni ina saukewa ne tun yana launin zuma mai duhu, don zafin tukunyar zai ci gaba da ƙona shi ko bayan kin sauke. Ɗacin da kika ji, kin jira ya kai launin da kike so a kan wuta ne, kafin ki juye ya riga ya zarce. In kika ga hayaƙi mai hawa ido, ki haƙura ki zubar ki sake, sukarin rabin kofi bai kai ki ɓata ƙwai biyar a kansa ba. Amma kada tsoro ya sa ki sauke shi yana fari-fari, don lami za ki ji, zaƙi kawai babu ƙamshi. Ɗan ɗaci-ɗacin nan kaɗan shi ke kashe gundurar madara. Ki juye a kwano nan take, ki riƙe da tsumma ki jujjuya ya rufe gindin, ki bar shi ya daskare. Za ki ji yana ɗan ƙara ƙas-ƙas yana tsagewa, ba komai ba ne.

Sai haɗin. Ki ɗumama madarar har ta fara tururi amma kada ta tafasa. In kina tsoron ƙarni, ki jefa ɓawon lemon tsami ko na lemon zaƙi a ciki, kore ko ruwan ɗorawar kawai ban da farin ciki mai ɗaci, ki rufe na minti goma sannan ki cire. Wasu na sa kirfa ko gyaɗar ƙamshi, ni dai ɓawon lemo da banila sun ishe ni. Ki fasa ƙwan ɗaya bayan ɗaya a wani ƙaramin kofi kafin ki haɗa, musamman a watannin zafi, don ƙwai ɗaya da ya fara lalacewa ya isa ya ɓata komai. Ki haɗa da sukari ki motsa da cokali mai yatsu a hankali. Ba kek kike yi ba, ba a son kumfa, saboda haka ki ajiye na'urar bugun ƙwai da bilenda gefe. Ki riƙa tsiyaya madarar mai ɗumi kaɗan-kaɗan kina motsawa, don in kika antaya ta gaba ɗaya da zafi za ta dafa ƙwan. Sannan ki tace da rariya mai laushi, ni sau biyu nake tacewa. Ki duba abin da ya rage a rariyar, za ki ga farin zaren nan da ke manne da gwaiduwa da guntayen farin da bai narke ba. Kumfar da ta taso a sama ki kwashe da cokali, ki rufe kwanon da takardar foyil.

Ba ki faɗa ba ko kina sa kwanon cikin ruwa, kuma ina kyautata zaton ba kya sawa. Wannan shi ne ginshiƙin abin. Ki samu faranti mai zurfi, ki shimfiɗa ƙaramin tawul a ciki, ki ɗora kwanon a kai, ki zuba ruwan zafi har ya kai rabin tsayinsa. Ruwa ba ya wuce digiri 100 komai zafin obin, shi ne yake tsayawa tsakanin wuta da ƙwai, tawul ɗin kuma yana hana zafin ƙarfen ƙasa dukan gindin kwano kai tsaye. Obin a kan 150 zuwa 160. Ƙananan kofuna minti 30 zuwa 40, babban kwano guda yakan kai awa ɗaya, wani lokaci da 'yan mintuna. Ki leƙa ruwan: in yana ɓul-ɓul, wutar ta yi yawa, ki rage ko ki ƙara masa ɗan ruwan sanyi. Obin ɗin gas da yawa lambobinsu ba sa faɗin gaskiya, nawa sai na sa shi a mafi ƙarancin wuta, don haka ruwan nan ne ma'aunina.

Ga waɗanda ba su da obin, tukunya ta wadatar, kuma a haka 'yan Filifin ke turara nasu da suke yi da gwaiduwa zalla da madara mai kauri. Tawul a gindin tukunya, ruwa zuwa rabin kwano, ki naɗe murfin da tsumma mai tsabta don kada gumin ya ɗiga ciki, ki bar 'yar kafa a bakin murfin. Wuta can ƙasa, ruwan ya riƙa motsi kawai. A kan gawayi ma na sha yi, sai dai ki jira garwashin ya yi toka-toka, ki rage shi sosai. Gaskiya wanda nake yi a tukunya ya fi na obin santsi sau da yawa, don idona na kansa.

Sanin ya nuna shi ne inda mutane suka fi kuskurewa. Ki ɗan girgiza kwanon. Gefe ya tsaya, tsakiya kuma tana rawa kaɗan kamar kindirmon da ya kwana bai motsu ba. To ya yi, ki fitar. In kika jira tsakiyar ta tsaya cak, ya wuce, domin zafin jikinsa zai ƙarasa shi bayan kin sauke. In kika soka tsinken sakace tsakanin gefe da tsakiya, ya fito ba madara a jikinsa. Ki cire shi daga ruwan zafin ya huce a waje, sannan firji.

Kin ce sukarinki yana maƙalewa, kuma na tabbata gaggawar kifewa ce. Sukarin nan da ya daskare kamar alewa, a hankali yake jan danshi daga jikin madarar yana narkewa ya zama ruwan zumar da ke gangarowa. Awa 6 shi ne mafi ƙaranci, kwana guda ya fi. In don buɗa baki ne, daren jiya bayan tarawih nake yi. Matsalar wuta kuwa duk mun san ta. Ranar da babu tabbas, nakan rufe kwanon ruf in saka a kula da ƙanƙara, yana yi daidai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar shi a waje ya wuni, ƙwai da madara ne, ga zafin garinmu. A firji mai sanyi kwana biyu zuwa uku yake yi.

Wajen kifewa, ki zagaya bakin kwanon da siririyar wuƙa, ko ki danna gefen da yatsa mai tsabta har ki ga ruwan sukarin ya leƙo. Ki tsoma gindin a ruwan zafi kamar daƙiƙa goma. Ki kifa faranti mai ɗan zurfi a kai, kada ki ɗauki shafaffe don ruwan zai malale, ki riƙe da hannu biyu ki juya lokaci guda. Ki ɗan saurara, za ki ji ya sauka da kansa. Ko da kin yi komai daidai za ki tarar da ɗan sukari a manne a gindi, haka yake wa kowa. Ki zuba masa ruwa cokali biyu ki ɗora a wuta ya narke, ya huce, ki zuba a kai.

Ki gwada da rabin wannan awon tukuna a ƙananan kofunan silba guda uku, don in an samu kuskure asarar ba yawa. In kin yi, ki yanka ɗaya ki ɗauko mana hoton cikinsa da na gefensa. In hujin a gefe kawai yake, ruwan ne ya tafasa, in har tsakiya ne, ya daɗe a wuta, sai mu san inda za a gyara. Allah Ya ba da sa'a.