Tallafin Korona Na Masu Sana'ar Hannu: Wa Ya Halatta Ya Karɓa?

An yi wannan tambaya da amsarta ne a lokacin da ake gudanar da shirin tallafin, bayan kullen korona na 2020.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni tela ne a Kano. Kullen korona ya faɗo mana daidai azumin 2020, lokacin ɗinkin Sallah, wanda da shi muke rufa wa kanmu asiri. Yanzu ana rubuta sunayen masu sana'ar hannu a shirin tallafin gwamnatin tarayya mai suna Survival Fund, naira 30,000 kowane mutum. Ina da shago da kekuna biyu, ba za a kira ni matalauci ba, shi ya sa zuciyata take ɗar-ɗar. Wani kuma ya ce mini kuɗin gwamnati cuɗe suke da kuɗin ruwa. Sannan ƙanena ma'aikacin gwamnati ne, albashinsa bai tsaya ba, yana so in sa sunansa a matsayin yaron shagona. Mai haɗa sunayen ma ya ce naira 5,000 nasa ne idan kuɗi sun shigo.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a sana'arka.

Ka karɓi kuɗinka, halal ne gare ka. Abin da ya rikita ka shi ne kana auna wannan tallafi da ma'aunin zakka. Zakka Allah ne ya ƙayyade masu cin ta, kashi takwas, a Suratut Tauba aya ta 60, kuma mai wadata ba ya cikin fakirai da miskinai. Wannan kuwa dukiyar baitulmali ce da hukuma ta ware domin maslaha, ita ce kuma ke gindaya sharaɗinta. Gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 75 ga shirin a 2020 don kada ƙananan sana'o'i su durƙushe, aka keɓe wa masu sana'ar hannu da masu sufuri 30,000 sau ɗaya, kyauta, ba bashi ba. Sharaɗin shi ne sana'ar, ba talauci ba. Kai tela ne na gaskiya, kulle ya taɓa ka, ka cika sharaɗi.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan ba Sayyidina Umar kyauta, sai ya ce a ba wanda ya fi shi buƙata. Annabi ya umarce shi da ya karɓa, ya ce abin da ya zo maka na wannan dukiya ba ka yi kwaɗayinsa ba, ba ka roƙa ba, ka karɓe shi. Kada ka ce ai cike takarda roƙo ne. Hukuma ce ta buɗe ƙofa ta kira masu sana'a, amsa kira kuwa ba bara ba ce. Shi Umar ɗin da kansa, a Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan Hijira, daga baitulmali ya ciyar da mutane har fari ya wuce.

Maganar cakuɗuwa ba ta hana. Baitulmalin ƙasar nan akwai kuɗin man fetur da haraji da kwastan da basussuka, ba wanda zai nuna maka cewa wannan naira ta haram ce. Malamai sun halatta karɓa daga dukiyar da ta cakuɗa matuƙar ba a san haramun ɗin a karan kansa ba. Da ba haka ba, da albashin malamin makaranta da maganin asibitin gwamnati duk sun haramta. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne rancen korona na Babban Banki da ake bayarwa ta bankin NIRSAL. Wancan bashi ne mai ruwa, hukuncinsa daban, kada a haɗa maka su a baki ɗaya.

Ƙaninka kam a'a. Sa sunansa ƙarya ce, shaidar zur ce, kuma cin dukiyar mutane ne da ɓarna, wanda Suratun Nisa'i aya ta 29 ta hana. Na sha jin ana cewa kuɗin gwamnati ba su da mai su. Suna da masu su, miliyoyi ne ma, shi ya sa neman yafiyarsu ya fi na mutum ɗaya wuya. A hadisin Khaula 'yar Ansar da Bukhari ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce wasu mutane suna kutsawa cikin dukiyar Allah ba da haƙƙi ba, wuta ce tasu ranar alƙiyama. Guraben ƙidayayyu ne; wanda ƙaninka zai tare na wani ɗan Adaidaita Sahu ne ko mai kitso da suka yi makonni ba su ga sisi ba. Laifin kuma ku biyu zai hau, domin kai ne mai shaidar. Idan zumunci kake so ka yi, kuɗin da suka shigo hannunka naka ne, ka yanka masa abin da ka ga dama.

Mai haɗa sunaye, idan hukuma ko ƙungiyarku ce ta ɗora masa aikin, abin da yake nema rashawa ce, kuma an la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Ka fara kai ƙara wurin shugabannin ƙungiya. In duk ƙofofi sun toshe, haƙƙinka ba zai fito ba sai ta hannunsa, malamai da yawa sun yi wa wanda aka tilasta rangwame, zunubin yana kan mai karɓa. Wanda ya cike maka fom a shagon kwamfuta kuwa, ladan aikinsa halal ne, ku yi ciniki tun kafin ya fara.

Wallahu a'alam.